Carbin Pemba

Duk wanda ya ga hotunan da muka ɗauko a Darjeeling sai ya ce, "Kai Muttaka, ka more! Yawon buɗe ido har Indiya, kuma a aljihun Balarabe." Morewa ta ina? Kwana shida na yi ina tura keken guragu a kan duwatsu, da abu ɗaya tak a aljihuna wanda na je kaiwa, kuma da shi na dawo.

Direba ne ni a wani gida a unguwar Al Thumama ta Doha, ƙasar Katar, shekara bakwai ke nan. Mai gidan, Abu Fahad, tsoho ne da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, don haka ban da tuƙi ni ne mai ɗaga shi, ni ne mai kai shi banɗaki. Ɗansa Fahad shi ne kafil ɗina, wato wanda takardun aikina ke hannunsa, shi ke juya gidan. A ɗakin ma'aikata kuwa mu biyu ne, ni da kuku, Pemba, mutumin duwatsun Darjeeling. Gajere ne, ga dariya kamar gonar auduga. Addinin Buda yake yi, amma wallahi sau da yawa shi ke tashina sallar asuba. Yana da wani carbin katako da ya gada wurin ubansa, kullum naɗe a wuyan hannunsa, ƙwaya ɗari da takwas. Nakan tsokane shi in ce, "Mu casa'in da tara ta ishe mu, ku taran da kuka ƙara na mene ne?" Sai ya ce hanyarsu hawan dutse ce, dole a ƙara guzuri.

Da korona ta zo aka kulle gari, ba fita ba shiga, hirar garinsu ce ta riƙe mu. Tsara mini tafiyar yake yi kwana-kwana, kamar mun riga mun yanki tikiti. Rana ta farko za mu kwana a Kurseong. Rana ta biyu mu shiga ɗan ƙaramin jirgin ƙasan da mai keke ma ke wuce shi. Rana ta uku mu yi sammako mu ga dutsen ƙanƙara, mu biya gidan ibadarsu na Ghoom. Rana ta huɗu mu gangara gonar shayin da matarsa Dolma ke tsinkar ganye, ta dafa mana abinci. In yana zuba wa tsoho shayi ma labarin ke nan, har su Fahad suka haddace sunayen garuruwan.

Cikin watan Yuni zazzaɓi ya kama shi. Kwana uku yana ɓoyewa, don kada a ce ya kawo cuta gidan mutane. Ranar da motar asibiti ta zo, sai da ya gama haɗa wa mutanen gida karin kumallo yana dafa bango, sannan ya zuba nasa shayin ya ajiye a kan taga. Ko kurɓa bai yi ba suka iso da fararen kayansu. A bakin ƙofa ya warware carbin ya danƙa mini.

"In ban dawo ba ka kai wa Dolma. Da hannunka, Muttaka. Ba ta gidan waya ba."

Na ce, "Wallahi da hannuna." Na faɗa ne don hankalinsa ya kwanta, ina ganin mako guda zai dawo ya karɓi abinsa. Kwana goma sha ɗaya ya yi ya rasu. Ba jirgi a lokacin, a nan aka binne shi can hanyar Dukhan, ba wanda aka bari ya raka shi. Ni na zubar da shayin nan na kan taga.

Shekara biyu carbin yana cikin akwatina. Ina ni ina Indiya? Hutuna ma da ƙyar yake kai ni Malumfashi.

Sai ga gasar cin kofin duniya. Filin wasan Al Thumama daga saman gidanmu ana hango shi, aka toshe tituna, hayaniya ta hana tsoho sakat. Fahad ya ce a bar garin na mako guda. Ana shawarar inda za a je, tsoho da bakinsa da ya karkace ya ce, "Garin Pemba." Fahad ya tafa hannu ya ce wannan shawara ta yi. Kuma tunda ba mai iya ɗaga tsoho sai ni, aka nema mini biza. Da na ga takardar tsarin tafiyar sai da na sake karanta ta. Ga Kurseong, ga Ghoom, ga kuma sunan gonar shayin su Dolma a rana ta huɗu, daga ƙarfe ɗaya zuwa huɗu na yamma. Na ce Allah ne ya kawo mini sauƙi har ɗaki.

Ranar Juma'a na je unguwar Mansura wurin abokina Issifu, ɗan Zangon Kumasi, mai gadi ne a wani kanti. Shi ya kai ni wurin wani ɗan Nepal mai shagon shayi da ke jin yaren su Dolma, muka tura mata saƙon murya. Ta ce ba a sakin masu tsinkar ganye sai an auna ganyen da ƙarfe biyu, kuma daga ƙasan kwarin zuwa ofishin gonar hawan awa ɗaya da rabi ne. Za ta iso kafin huɗu. Za ta riƙo jar laima don in gane ta.

Issifu ya ce, "Ka gaya wa yaron gidanku tun yanzu. Ka ce masa ga amana, kana son rabin awa."

Na ce, "Haba Issifu, sai na roƙa? Mutumin nan shekara tara ya yi yana dafa musu abinci. Don shi za a yi tafiyar. Ai da kansu za su ce a nemo iyalinsa."

"Ku Hausawan Najeriya da kunyarku," in ji shi. "Balarabe ba ya jin hannunka-mai-sanda. Buɗe baki ka faɗa."

Ban faɗa ba. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Muka sauka, jagoranmu wani saurayi mai suna Bikash ya tarbe mu da doguwar mota. Ƙasar tana da kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Gidaje maƙale a jikin dutse, gajimare yana shigowa ta taga kamar hayaƙin murhu, sanyi kuwa har cikin ƙashi. Amma duk inda na waiga sai in ji muryar Pemba, don ba abin da bai riga ya faɗa mini ba. Jirgin ƙasan ma gaskiyarsa ce, wata tsohuwa da kwando a baya ta jera da mu har muka sha kwanar titi sau biyu.

A Kurseong na fara gwadawa. Muna cin abinci na ce, "Allah sarki Pemba, da yana nan da ya ji daɗi." Fahad ya ce, "Wallahi, mutumin kirki," ya ci gaba da latsa waya. A Darjeeling na ce, "Ina jin iyalinsa ma ba su da nisa da nan." Ya ce, "Haka ne?" ya nemi a ƙaro masa zuma. Na ce a raina to bari, gobe zai tuna.

Rana ta uku muka je Ghoom. Matakala ce, keke ba ya hawa, na goya tsoho a bayana har ciki. Masu ibadar suna zaune a jere da jajayen mayafai, kawunansu a aske, suna karatu da wata murya mai kauri, kowa da carbi irin na aljihuna. Wani dattijo a cikinsu ya ga ina haki, ya matsa ya ba ni wuri a kan benci. Na sa hannu a aljihu na damƙe carbin, hawaye ya zo mini. Fahad kuwa cewa ya yi in ɗan kauce, ina shiga hoto.

Rana ta huɗu, Juma'a, muka isa gonar shayin wajen ɗaya da rabi. Duwatsu kore shar har iyakar ganinka. Aka zagaya da mu inda ake shanya ganye, aka jera mana ƙananan kofuna mu ɗanɗana. Sannan aka kawo kwanduna masu igiya, matar Fahad ta rataya ɗaya a goshi, ta tsinki ganye uku ana ɗaukarta hoto tana dariya. Ni idona yana kan 'yar siririyar hanyar da ta taso daga kwari. Na riga na gaya wa Bikash komai, ya kira Dolma, ta ce ta taso.

Uku da kwata Fahad ya dubi agogo ya miƙe. "Yalla, mu tafi."

Bikash ya ce ai saura minti arba'in da biyar a tsari. Fahad ya ce ya sani, amma Katar za ta buga da Senegal da shida da rabi, kuma otal ɗinmu na Kalimpong tafiyar awa uku ce. Ka ji fa! Mutanen da suka tsallako teku don gudun ƙwallo, wasan da ake yi a bayan katangar gidansu, shi za su yi wa gudu a kan dutse su kalla a talabijin.

A nan ne bakina ya buɗe, bayan kwana huɗu. Na ce, "Ranka ya daɗe, matar Pemba tana hanya. Akwai amanar da ya bar mini in ba ta. Rabin awa kawai."

Ya dube ni da mamaki, kuma abin haushin, mamakin gaskiya ne. "Matarsa a nan take? Me ya hana ka faɗa tun jiya, da mun tsara?" Ya zaro kuɗi daga aljihu ya miƙa wa Bikash. "Ka ba ta wannan, ka haɗa da abin da ke wurin Muttaka. Khalas, shi ke nan. Kai Muttaka, ɗauko Baba."

Bikash ya matso ya ce mini a hankali, mako mai zuwa zai dawo da wasu baƙi, in kawo ya ba ta. Yaron kirki ne, na san zai kai. Amma na ce a'a. Na rantse da Allah da hannuna zan ba ta, ga ta kuma tana hawowa, ta yaya zan miƙa wa wani? Na ɗauki tsoho ina jan ƙafa, na yi ta gyara masa bargo, na naɗe keken na warware na sake naɗewa. Minti goma na iya sata, Fahad ya fara buga jikin mota.

A kwana ta uku ta gangaren muka haɗu. Jar laima ce na fara gani, sannan 'yar ƙaramar mace da takalmin roba, tana hawowa ta 'yar hanyar ƙafa da ke ƙasa da titi, da ƙulli a hannunta. Tsakaninmu bai fi jifa ba. Na ce, "Ga ta nan! Don Allah a tsaya!" Direban ya taka birki, ya dubi Fahad ta madubi. Fahad ya ce titin ba faɗi, ga mota a bayanmu tana hon, a wuce.

Motar tafiyar kunkuru take yi a wurin. Hannuna yana kan mabuɗin ƙofa, kuma ƙofar ba a kulle take ba. Da na buɗe na sauka, ba wanda zai harbe ni. Amma fasfona yana jakar Fahad, kan tsoho yana jingine a kafaɗata, ga matata Haulat da yara uku a Malumfashi suna ci daga wannan aikin. Na zauna kamar buhun gero. Ta ɗaga laimar sama, ta daina tafiya, ta bi motar da ido har muka sha kwana.

Mun isa otal saura minti biyar a fara. Aka ci Katar uku da ɗaya. Allah ya yafe mini, kowace ƙwallo aka zura musu sai da na ji sanyi a raina.

Sauran kwana biyun an kai mu wasu gidajen ibadar a Kalimpong, an kai mu kasuwar furanni, ban san me na gani ba. Muka dawo Doha da kwalayen shayi goma sha biyu. Yanzu in baƙi sun cika majalisa ni ke zuba musu, Fahad yana ba da labari: "Har garin kukunmu muka je, wanda ya rasu a korona. Mun ma taimaka wa iyalinsa." Su ce masha Allah, ni in ƙara musu shayi.

Bayan mako guda saƙon muryarta ya shigo. Na kai wa ɗan Nepal ɗin nan a Mansura, Issifu yana zaune. Ya saurara sau biyu kafin ya ɗago.

"Ta ce ta ga baƙin mutum a taga, ta gane kai ne. Ta ce ta gode da ka zo. Ƙullin da ta riƙo abinci ne ta dafa maka, irin wanda mijinta yake so. Carbin kuma ta ce ka riƙe, tunda kai ya zaɓa ya ba wa."

Na ce, "Shi ke nan?"

"Ta ce ba don carbi ta hau dutsen ba. Tambaya ɗaya ce take riƙe da ita shekara biyu, ba ta yi a waya ba don a waya mutum yana iya yi maka ƙarya saboda tausayi, ta so ta ga fuskarka. Amma tunda Allah bai yi ba, ga ta. Wai ranar da aka zo aka ɗauke shi, ya samu ya ci wani abu kafin ya fita?"

Issifu ya kawar da kai. Mai shagon ya riƙe wayar yana jira in yi magana ya fassara.

Wata huɗu ke nan. Carbin yana wuyan hannuna, saƙon yana cikin wayata, kuma har yau ban ba ta amsa ba.