Bawul a Maƙogwaro

Mai faci ya shekara ashirin da biyu yana hana iska fita daga inda aka sa ta, kuma a nasa ganin duk titin babu wanda ya kama ƙafarsa. Don haka da 'yarsa Auta ta kawo masa takardar Malamar kimiyya a rumfarsa, aikin bai ba shi tsoro ba. Layin ƙarshe ne ya sa gabansa ya faɗi.

Yarinyar ta rasa gwaji biyu a zangon nan. Makinta duk ya rataya a kan huhun roba da za ta haɗa ta kai makaranta jibi, idan bai yi numfashi ba sai maimaita aji biyar. Ba ƙiriniya ce ta hana ta zuwa ba, asma ce ta kwantar da ita sati uku. Amma takarda ina ruwanta da tari?

"Baba, gorar roba ce kawai, da balan-balan biyu, da bututun shan lemo," in ji Auta. "A yanke gindin gorar a rufe da roba. In an ja robar, su kumbura."

"Shi ke nan? Kawo nan."

Wai kawo nan. Aikin na yarinya ne, amma tunda ya karɓa bai sake bari ta taɓa komai ba sai riƙe almakashi. Ya yanke gorar, ya yanko tsohon tiyub ɗin taya ya ɗaure gindin tamau, ya bi kowace kafa da gam ɗin faci. Da ya zo kan bututun sai ya matsa shi da yatsa biyu, ya taɓe baki. Wannan abin da ko cokali ya fi shi ƙwari, shi za a damƙa wa shekarar 'yarsa? Ya jefa hannu cikin gwangwanin tarkace ya zaro bawul ɗin keke sabo fil, ɗan ƙarfen nan da ake buga wa taya iska ta cikinsa, ya huda murfin gorar ya dasa shi, ya haɗa da balan-balan ɗin ta ciki.

"Baba, a zanen babu wannan."

"Mai zanen ya taɓa yin faci?"

Ya sa famfon hannu ya buga sau biyu, balan-balan suka tashi jajir, ɓul-ɓul. Ya tsoma gorar gaba ɗaya a bahon ruwan da yake gwada tayoyi, ya tsuguna yana kallo. Ko kumfa ɗaya. Ya tsamo ya goge da gefen rigarsa ya ajiye a saman kantar rumfar, ya ce kada wanda ya taɓa. Jan robar nan da takarda ta ce, bai ko tuna da shi ba. Abin da ya ci jarrabawar baho kuma me ya rage masa?

Ranar kai aikin, ya rufe rumfa ya raka ta. A zauren makarantar an jera tebura, an ja igiya an ce iyaye su tsaya bayanta. Malama ta fara daga can ƙarshe, da rajista a hannu, ba ta dariya. Teburin Auta shi ne na bakwai.

Daga inda yake yana hango na sauran yaran. Wasu da salatif aka naɗe su kamar ƙafar da ta karye, wani ma gorar a karkace take. Amma yaro na ja, balan-balan su kumbura, yana saki su kwanta. Ja, saki. Ja, saki. Ya dubi nasu. Auta ta ja robar, ta saki, ta sake ja. Balan-balan na nan cike tun shekaranjiya, sai ɗan motsi da bai kai a kira shi motsi ba.

Nan take ya gane, kuma da ƙasa za ta tsage da ya shige. Bawul aikinsa ke nan, ya karɓi iska ya hana ta komawa. Ya haɗa wa 'yarsa taya.

Malama tana tebur na huɗu. Ya lalubi aljihu, ɗan makullin da yake kwance allurar cikin bawul yana nan inda yake kullum. Taku goma ne tsakaninsa da teburin. Ya ɗaga igiyar, mai gadin zauren ya dafa masa kafaɗa.

"Baba, haƙuri. Duk aikin da babba ya taɓa a nan, an soke shi."

Ya koma. Tebur na biyar. Ya ga kafaɗun Auta sun fara ɗagawa sama-sama, alamar da ya sani sarai, ya shiga addu'a a zuci: Allah kada ciwon ya tashi yanzu, Allah ba don halina ba. Tebur na shida. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba ko ran da taya ta fashe masa a fuska.

Malama ta iso. Ta ja robar da kanta, ta dubi gorar, ta dubi bawul ɗin.

"Wannan ai ba ya numfashi."

"Yana yi, Malama," in ji Auta, muryarta can ƙasa. "Irin nawa ne. In ciwon ya tashi haka nake ji. Iskar tana ciki, ta cika ni, fitar ce take ƙi."

Malama ta ɗan tsaya da biro a sama.

"Na ji. Amma ni mai lafiya na ce a kawo. Za ki iya nuna min shi?"

Auta ta juyo ta dubi ubanta. Ya miƙa wa mai gadi makullin, mai gadi ya dubi Malama, ta gyaɗa kai. Yarinyar da ta girma a bakin rumfa ba sai an koya mata ba. Ta zura, ta murɗa sau uku, allurar ta fito. Iska ta yi tsiii, ƙarar da mai faci ya fi tsana a duniya, balan-balan suka kwanta. Ta ja robar. Tiyub ne, da tauri, sai da ta sa hannu biyu. Suka ɗago kaɗan. Ta saki, suka koma.

"Rabin maki da ɗoriya," in ji Malama tana rubutu. "Kin haye. Gaba ki yi abinki da hannunki."

Ya kamata ya yi murna, ya kuma yi. Amma maganar yarinyar ta tsaya masa a ƙirji. Shekara shida, duk ran da ciwon ya tashi, shi ne mai durƙusawa gabanta yana yi mata fifita da kwali yana cewa ja iska, Auta, ja, ƙara ja. Ita kuwa tana kallonsa da jajayen idanu tana ƙoƙarin yi masa biyayya.

A matakalar fita tari ya sarƙe ta. Ta dafa bango, ta laluba jaka ta ciro abin shaƙar maganinta. Ya durƙusa, bakinsa ya buɗe da kalmar da ya saba, ya haɗiye ta. Ya karɓi gorar daga hannunta.

"Saki iskar a hankali," ya ce. "Ba sauri muke ba."