Rariyar Gidan Birkila

Birkila ya toshe rariyar gidansa da siminti. Da hannunsa ya yi, ba wanda ya sa shi, kuma daga nan komai ya lalace.

Kafin a ce masa wawa, sai a san inda gidan yake. Unguwar a kwari take zaune. Gabas tudu ne, inda masu hali suka kafa benaye. Yamma babban titi ne da aka ɗaga har ya fi mutum tsayi. A tsakani jama'a suka cika maƙil, gida jingine da gida, lungu na haihuwar lungu, har baƙo kan shiga da hantsi neman wani, la'asar ta same shi yana ta tambaya. Da can ba haka take ba. Lokacin da uban Birkila ya zo da amaryarsa da ƙullin kayansu, wurin fadama ne. Rafi na saukowa daga tudu, ya ratsa tsakiya, ya zube a wani tafki inda mata ke wanki shanu na shan ruwa. Uban ya zaɓi gefe, ɗan sama da rafin, ya yi ɗakunansa. A wancan zamani hawa ake yi kafin a shiga zauren.

Sai gari ya biyo su. Aka cike tafkin da shara da ɓaraguzai, aka yanka filaye aka sayar. Aka matse rafin har ya koma kwata. Da aka zo yin titi, kwalbati ɗaya aka bari, 'yar ƙarama, wadda tsohuwar katifa ma kan toshe ta. Shi kuwa ruwa ba wanda ya gaya masa an sayar da wurinsa. Duk damina sai ya gangaro daga tudu yana neman tafkinsa, in bai samu ba ya faɗa gidan da ya fi ƙasa.

Mutanen unguwa suka samo dabara, ba tare da an kira taro ba. Duk wanda ruwa ya shiga gidansa bana, rani na yi sai ya kira tifa ta juye masa jar ƙasa a ƙofar gida, ya ƙara wa dokin ƙofa layin bulo. Ruwa ya zo ya ga ƙofa ta fi ƙarfinsa, ya juya gidan maƙwabci. Maƙwabci ya sha, ya haɗiye, rani na yi shi ma ya kira tifa, nasa ya ɗara na wancan. Haka lungu ya yi ta tashi, gidaje na nutsewa. Mai hali yakan cire rufi, ya cike ɗakuna, ya ƙara bango, gida ya taso gaba ɗaya. Mara hali ya ƙara bulo a bakin ƙofa, ya yi addu'a.

Da wannan aikin Birkila ya ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata. Dokunan ƙofar da ke shiyyarsu, rabi hannunsa ne. Gidansa kuwa sai ka hau, sannan ka gangara kamar mai shiga rijiya. Ya taɓa samun rarar ƙasa ya ɗan cike tsakar gida da ɗakinsu shi da matarsa. Ɗaki ɗaya ne bai taɓa ba, na mahaifiyarsa, shi ya sa ɗakin ya fi ko'ina zurfi.

Inna ta daɗe ƙafafu sun daina ɗaukarta. Tana zaune a kan gadon ƙarfe, gefen taga. Tagar nan da mijinta ya huda don ta ga rafi, yanzu daidai take da ƙasan lungu, ba abin da take gani sai ƙafafun masu wucewa. Da takalmi take gane mutane.

"Ga mai gawayi can, har yau bai ɗinke silifas ɗin nan ba," takan ce. "In ya mutu da shi za a binne shi."

Sau nawa Birkila ya ce ta bari ya cire rufin, ya cike ɗakin, ta ɗan koma wurin ƙanwarsa kafin a gama.

"In je gidan suruki in zauna a riƙa ɗaukata kamar buhu? Babana, ɗakin nan ubanka ya gina shi, ruwa bai taɓa shigar masa ba. Ku ne da tifarku kuka jawo."

"Inna, ai zamani ne ya canza."

"Zamani bai kira tifa ba."

Yakan bar maganar. Gaskiya ma ransa kan yi sanyi in ta ƙi, domin cike ɗakin ba ƙaramin aiki ba ne, kuma aikin gidan kai ba ya kawo cefane.

Rariyar gidan a baya take, ƙasan katanga, tana zuba a kwatar nan da ta gaji rafi. Da ranin da ya wuce Mai Katako, maƙwabcinsu na baya, ya tashi ɗaga gidansa. Ya ce a turo masa harsashin katanga ya ɗan shiga kwata, ko ya samu wurin ajiye babur. Birkila aka ba aikin. Yana jan igiya matarsa ta leƙo ta saman katanga.

"Baban yara, wannan ai kwatar kuke ci."

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin nan da kowa ke ci shi ya cinye rafi."

Mai Katako ya yi dariya. "Injiniya, ashe a gida ma kana da sufeto? Uwargida, ki bar mu mu ci abinci. Wanda ke gabana ya ci, wanda ke bayana ya ci, ni ne ɗan baiwa?"

Birkila ya zuba harsashi. Da aka yi rufi kuma, bakin kwanon Mai Katako ya leƙo tsakar gidansu, ya haɗu da na maƙwabcin dama wanda dama can nan yake zuba. Birkila ya gani, ya ce zai yi magana, bai yi ba. Mutum ba ya faɗa da wanda ke ba shi aiki.

Ruwan farko na kirki da aka yi, kwata ta cika ta rasa hanya, ta juyo ta rariya. Baƙin ruwa ne mai wari, da leda da ƙazantar unguwa. Ya malale tsakar gida ya gangara ɗakin Inna har idon sawu. Da ruwan sama ya ɗauke, shi ma ya ja da baya ta inda ya shigo, amma ya bar ɗoyi. Matar ta yini tana wanke ɗaki, Inna ta kasa cin abinci, sallah ma sai da aka canza mata kaya duka.

Washegari da safe Birkila ya kwaɓa siminti. Ya cusa duwatsu cikin rariyar, ya bi su da kwaɓi mai ƙarfi, irin wanda ba ya yi wa kowa sai an biya shi da kyau. Matar ta tsaya a kansa da tsintsiya a hannu.

"Ka hana na waje shigowa. To na sama fa? In ya sauka ta ina zai fita?"

"Ta bokiti. Ba mu da hannu ne?"

"Hannun wa? Kai da kake fita tun safe?"

"Ke dai ba a yi miki daidai. Jiya kina kuka da wari, yau kina kuka da siminti. Kin fi son kashin unguwa ya riƙa kwana a ƙarƙashin gadon uwata?"

Ta juya ta kama shara, domin ba ta so ɗin. Inna daga ɗaki ta ce, "Babana, gidan da ba ya fitsari ai ciwo gare shi."

"Inna, ki bar min wannan. Sana'ata ce."

Kuma da farko abin ya yi. Aka yi ruwa 'yan lokuta, matsakaita. Shi da matar su fito da bokitai, su kwasa, su hau matakala su watsa a lungu. Ruwa ne mai tsabta, ba wari. Ya jera bulo a bakin ɗakin Inna, ko ɗigo bai shiga ba. Har ya fara ba mutane shawara a wurin mai shayi, wasu ma suka ce ya zo ya toshe musu nasu.

Ranar da abin ya faru gari ya waye garau, ko gajimare babu. Ya tafi aiki can gindin tudu, ƙarshen unguwa. Da hantsi aka kira matarsa a waya, babbar 'yarsu na naƙuda a asibiti. Ta tsaya tana wasi-wasi. Inna ta kore ta.

"Tafi mana, 'yar nan. Sace ni za a yi? Wa zai iya ɗaukata? Ajiye min ruwa da buta kusa, ki je ki gano min mijina ko kishiyata."

Matar ta kira Birkila ta gaya masa. Ya ce to, Allah ya raba lafiya, ya mayar da waya aljihu, ya ci gaba da ɗora bulo.

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Kafin su rufe buhunan siminti ya kece. Suka fake a rumfar wani mai walda, shi da leburori, suna kallon ruwa na gangarowa daga tudu ja wur kamar an yanka shanu. Wani lebura ya ce, "Oga, wannan ai aikinka ne ke sauka daga sama. Baɗi sai ka sayi mota." Aka yi dariya, shi ma ya yi. A ransa yana cewa yau uwargida za ta sha kwasa, in ya koma ba zai ji da kunnensa ba.

Sai dariyar ta yanke. Uwargida ba ta gida.

Ya fita a guje, takalmi a hannu. Unguwar da ya sani kamar tafin hannunsa ta koma wata aba daban. Lungun da ya saba bi ya zama kogi, ruwa na tafe da kujeru da kaji. Ya juya ta bayan makaranta, nan ma ruwa iya ƙugu. Ya bi ta kan dandamalin mutane, daga wannan ya tsallaka wancan, yawancinsu shi ya yi su, kowanne na tsaye ƙyam yana tura ruwa gaba. Ya faɗi, ya tashi, ƙusa ta tsaga masa ƙafa bai ma ji ba. Ya kira Mai Katako, waya ta jiƙe ta mutu.

Da ya iso lungunsu sai ya ɗan ji sanyi. Ruwan bai kai gwiwa ba, dokin ƙofarsa na sama da shi nesa, ko kusa bai tsallaka ba. Ya hau, ya tura ƙyaure, ya leƙa ƙasa.

Matakalar ciki ta ɓace. Tsakar gida ta zama tafki, tukwane da turmi na yawo, rufi uku na kwarara a ciki ba ƙaƙƙautawa. Bulon da ya jera a bakin ɗakin Inna ba a ma ganinsa.

"Inna!"

Ya faɗa ciki. A tsakar gida ruwan ya wuce masa gwiwa, yana sa ƙafa a ɗakinta ya nutse har ciki. Tana zaune a kan gado inda aka bar ta, ruwa a ƙirjinta, hannu biyu riƙe da ƙarfen taga. Leɓunanta sun yi fari, haƙoran da suka rage mata na kaɗawa.

"Na yi ta kira," ta ce da ƙyar. "Ba ƙafar da ta wuce."

Sai da ya ɓamɓare yatsunta daga ƙarfen ɗaya bayan ɗaya. Ya saɓa ta a kafaɗa, ya laluba matakala da ƙafa, yana ihu a zo a taimaka. Mai Katako ne ya fito da lema. Ya jefar da ita, suka kama tsohuwar tare, suka kai ta gidansa da ke sama, busasshe, ko danshi babu. Matansa suka cire mata jiƙaƙƙun kaya, suka lulluɓe ta, suka hura gawayi.

Birkila bai iya zama ba. Ya ari diga ya koma, ya tsuguna cikin ruwa yana saran rariya. Simintin ya ƙi. Shi ya kwaɓa, ya san abin da ya zuba. Ya sara har tafin hannunsa ya fashe, sannan wani dutse ya motsa. Ruwan ya ja da ƙarfi har ya kusa fizge digar. A lokacin sama ta ɗauke, kwata ta sauka, hanya a buɗe take tun tuni. Kafin magariba tsakar gida ta tsane, sai laka da matacciyar kaza. Ya tsaya yana kallon ramin. Bai fi a zura hannu ba.

Matarsa ta dawo da albishir a baki, an samu namiji. Ta ga gidan, ta ga ramin, ta gan shi. Ba ta ce na gaya maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi.

Washegari Inna ta tashi da zazzaɓi da tari, numfashi na fita da ƙara kamar ana jan zarto. Mota da ƙyar take shiga lungun ko da rani, balle yanzu da laka ta kai ƙwauri. A baro suka shimfiɗa katifa suka tura ta har bakin titi, mutum huɗu suka ɗaga ta sama. A asibitin da jikarta ke kwance da jariri aka ba ta gado, ɓangare daban. Likita ya ce sanyi ya kama huhu biyun, ga shekaru.

Birkila ya zauna a ƙasa gefen gadon, ƙafarsa a kumbure, ya ƙi bari a duba. Aka kawo jaririn a nuna mata, ta kasa ɗaga hannu, ido kawai ta bi shi da shi. Da aka fita da shi ta juyo.

"Babana."

"Na'am, Inna."

"Ka cike ɗakin. In na fito sai in shiga."

"Zan cike, Inna. Gobe zan kira tifa."

Ya kira. Tifa ta zo bakin titi, direba ya leƙa ya ga lakar, ya ce ba zai kashe motar mutane ba, a jira rani. Inna ba ta kai ƙarshen makon ba.