Ranar da Sitaci Ta Sa Ni a Buhu

Wani mafarki na yi daren jiya, kuma sai na fara faɗa muku abin da na kwanta da shi a rai, in ba haka ba za ku ce zazzaɓi ne ya taɓa ni.

Sunana Hamisu. Wankin hula nake yi a zauren gidanmu tare da yayana Lawandi, shekara talatin ke nan. Shi ke karɓar aiki, shi ke duba kari, ni ke wanki da sa sitaci da kifa huluna a kan katako su bushe. Muna da wata farar kyanwa da na tsinta tana 'yar mitsitsiya a cikin bokitin sitaci, shi ya sa sunan ya bi ta. Sitaci ba ta sata, ba ta yaƙushi. Aibinta ɗaya ne, ba ta da wurin barci sai cikin hular mutane, kuma 'yar banzar ba ta shiga tsohuwa, sai zanna mai tsada wadda aka gama yi wa kari.

Akwai wani likitan dabbobi da muke wanke wa huluna, Likita Zubairu. Shi ya ba ni wani ɗan ƙarfe mai kama da marfin kwalba, in ka danna ya ce ƙwas. Ya ce da zarar ta yi abin kirki in danna nan take, in ba ta ɗan busasshen kifi, kuma duk ƙwas ɗaya alkawari ne, ba a dannawa a hana. Cikin kwana uku ta gane ƙwas yana nufin kifi. To ni da wayona, duk sanda na gan ta a cikin hula sai in danna don ta fito, in ta fito in ba ta. Mako biyu, kyanwar da ke shiga hula ɗaya a rana ta koma shiga bakwai. Ranar Alhamis ta kwanta a hular wani ango har sai da na sake wanke ta daga farko. Yaya bai ɗaga murya ba. Ya aro buhun masara, ya kakkaɓe, ya ajiye a bakin zaure, ya ce Asabar da safe zai kai ta ƙetaren kogi ya saki. Jiya Juma'a ce.

A mafarkin, rana ta riga ta fito, amma ta yamma ta fito, kuma babu wanda ya damu. Ina tafe a hanyar kogi da buhu a kafaɗa, raina a ɓace. Na sauke buhun in huta.

Sai ga ni a cikin buhun, Sitaci ce ta saɓa ni a kafaɗa tana tafiya da ƙafa biyu. Ta wani ɗan rami nake leƙen waje. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa zuwa sama, mata sun kifa kwanoni a bisa kawunansu suna tara. Huluna suna wucewa a jere za su kasuwa, an bar kawunan a gida domin ba su gama bushewa ba. Wata tsohuwa ta gaishe da Sitaci ta tambayi inda za a kai ni. Ta ce gyara. Tsohuwar ta taɓa buhun ta ce Allah ya sa mai ji ne.

An zazzage ni a wani ofis. A bayan tebur akwai bunsuru sanye da tabarau, yana cin takarda a nutse. Wani ɗan akuya mai tsaron ƙofa ya raɗa mini cewa a nan duk takardar da shugaba ya cinye an amince da ita, wadda ya bari kuwa sai a dawo baɗi. Bunsurun ya haɗiye, ya tambayi Sitaci abin da ya kawo ta.

"Kifi yake ba ni in shiga hula," in ji ta. "In na shiga kuma ya yi mini tsawa."

Na ce wallahi sharri ne, ni fito da ita nake yi. Na fara kawo tarihi tun daga bokitin sitaci. Bunsurun ya bar ni na gama, domin akwai takarda a bakinsa. Sannan ya zare tabarau.

"Malam, sanda kake dannawa, tana ina?"

"Tana cikin hula."

"To a kan me ka ce mata madalla?"

Kunya ta kama ni, irin ta mutumin da ya yi ta neman takalmi alhali yana ƙafarsa. Bunsurun ya yanke hukunci ba tare da fushi ba. Ya ce za a kai ni fili, a ba Sitaci ɗan ƙarfen. In na samu ƙwas ɗaya daga hannunta kafin kiran azahar, mu koma gida tare. In ban samu ba, in koma ni kaɗai, ita ta zauna a ƙetare. Na tambayi abin da ake so in yi. Ya ce in rubuta tambayar. Na rubuta, ya duba gaba da baya, ya ajiye ta a gefe bai ci ba.

Fili ne babba, cike da mutane. Kowane mutum da kyanwarsa a zaune a kan turmi, riƙe da ɗan ƙarfe, tana kallonsa. Babu bulala, babu tsawa. Can ka ji ƙwas daga wani ɓangare, sai ka ga wani ƙaton mahauci yana murmushi shi kaɗai. Aka ɗora Sitaci a nata turmin, aka zuba tulin huluna a kewaye da ita. Tsakanina da ita akwai wani siririn ruwa da bai fi zaren ɗinki ba. Ɗan akuyar ya ce kogin ke nan, yanzu ya tashi daga barci.

Na fara da abin da na iya. Na wanke hula, na sa sitaci, na yi kari mai kyau na nuna mata. Shiru. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida da iyali. Shiru. Na share filin, na yi tsallen kwaɗo, na rera mata waƙar da nake yi in ina wanki. Har kukan kyanwa na gwada, wata mage a turmin kusa ta kawar da kai don kunya. Sitaci tana kallona kawai. Da na waiga, kogin ya kai faɗin tabarma.

Shirun nan ya fi duka ciwo. Ni mutum ne da ya saba a ce masa ba haka ba, sai in san inda haka yake. Na ce mata don Allah ta zage ni ko sau ɗaya in gane inda na dosa. Ta lashi hannunta ta goge fuska.

Sai ga ni a wani gefen filin, gaban Yaya Lawandi. Yana tsaye yana duba karin huluna a iska, yana girgiza kai. A kan turminsa akwai wani tsohon muzuru da gemunsa ya yi fari fat, ɗan ƙarfen hannunsa ya yi tsatsa. Na gaishe da muzurun, na tambaye shi ko ya daɗe. Ya ce shekara talatin. Na ce me yake jira haka. Ya ce jira yake Yaya ya ce wa wani sannu da aiki.

"Bai taɓa kusa ba?"

"Sau ɗaya ya buɗe baki," in ji muzurun. "Na ɗaga hannu zan danna, sai tari ya fito."

Yaya ya juyo ya dube ni sama da ƙasa, ya ce hulata ta karkace. Na shafa kaina, ko hular babu. Na so in yi dariya, amma abin ya sosa mini rai ƙwarai, domin haka yake a farke ma. Yaya mutumin kirki ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya koya mini sana'a. Amma in aiki ya yi kyau shiru yake yi, ya ninke ya ajiye. Muryarsa ta gyara ce kawai. Na tsaya ina tausayin muzurun nan, sai ya dube ni ya ce ai shi Sitaci yake tausayi, ita ma irin wannan gidan ta faɗa.

Na koma wurina. Kogin ya yi faɗi sosai, har da kwalekwale a kansa, wani kifi yana tuƙawa. Sitaci tana can ƙetare a kan turmi, ta zama ƙarama. Daga wani wuri na ji ladan yana hura lasifika yana gyaran murya. Dabara ta ƙare mini. Na zauna a ƙasa, na ce to shi ke nan, bari in kalle ta ko na ɗan lokaci ne, tunda gida zan koma ni kaɗai.

Na kalle ta. Sai na lura ban taɓa kallonta haka kawai ba. Kullum sai in ta yi laifi idona yake zuwa kanta, in tana zaune lafiya wankina nake yi. Ga huluna a kewaye da ita, zanna masu laushi, sun sha rana sun yi ɗumi, sun buɗe baki suna kiranta a hankali, zo mana, zo mana. Ita kuwa tana kan busasshen turmi tun safe. Jelarta har rawa take yi don kwaɗayi, amma ko ƙafa ɗaya ba ta sauke ba.

"Af," na ce. "Sitaci, ashe tun safe ba ki shiga ko ɗaya ba. Sannu da ƙoƙari."

Ƙwas.

Kogin ya naɗe kansa kamar tabarma, ɗan akuyar ya zo ya ɗauka ya jingine a bango. Ladan ya kashe lasifika ya ce a bari sai an jima. Bunsurun ya iso da kansa ɗauke da faranti, a kai akwai wani ɗan ƙunshi a takarda. Na kwance, sai na ga madalla ce guda ɗaya, da ɗuminta. Na gutsura. Ba zan iya faɗa muku ɗanɗanonta ba, amma na ji ta har tafin ƙafata, kuma daɗi ya kama ni har na ji nauyin mutane. Na ci rabi, na sa rabi a aljihu saboda Yaya. Bunsurun ya karɓi takardar ƙunshin ya cinye.

Sitaci ta sauko ta zauna kusa da ni, muna kallon ruwa yana hawa sama. Ban taɓa jin natsuwa irin wannan ba. Sai na ji ƙwas. Na ce mata ai ban yi komai ba. Aka sake, ƙwas. Ta duba hannunta ta ce ba ita ba ce.

Na buɗe ido. Gari ya waye sarai, rana ta fito ta inda ta saba. Ƙarar daga zaure take fitowa. Na fita da sauri ko takalmi ban sa ba, domin Asabar ce.

Yaya ne a kan benci, ya ɗora ƙafa ɗaya a gwiwa yana yanke farce da abin yankan farce. Ya shimfiɗa buhun a gabansa, yana jiran ya gama ya sa ta a ciki. Sitaci tana zaune a tsakiyar buhun, ta naɗe jela, ta zuba masa ido. A bayanta ga huluna goma sha biyu da na jera jiya, ko ɗaya ba ta lotsa ba. Ya danna, ƙwas, ta miƙe wuya.

"Wannan me take kallona?"

Na ce masa alkawari ya yi mata. Duk ƙwas ɗaya kifi ne, haka Likita ya ce, kuma tana kan buhu ya danna, ke nan ya ce mata zaman buhu ya yi kyau. Ya ce shi farcensa yake yankewa. Na ce ita ba ta san farce ba. Na tambaye shi sau nawa ya danna, ya duba ƙafarsa ya ce bakwai. Na ɗauko gwangwanin kifi na ajiye a kan benci, na koma gefe.

Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Sannan ya buɗe, ya gutsuro, ya miƙa mata daga nesa yana yamutsa fuska. Ta karɓa a hankali, ta koma tsakiyar buhun. Ya sake ba ta. Sai da ya cika bakwai, domin Yaya ba ya barin aiki rabi.

"Buhun nan ya cika gashi," in ji shi. "Ba ya komawa wurin mai masara. Bar mata shi a nan."

Ya kakkaɓe hannu, ya ɗauki ɗaya ƙafar. Bai dube ni ba, da yatsun ƙafarsa yake magana.

"Hular angon nan da ka sake wankewa. Karinta ya fita."

Na sa hannu a aljihu. Rabin madallar babu, amma ɗan ƙarfen yana nan. Na danna.

Yaya ya ɗago kai ya dubi Sitaci, ya dube ni. "Ita ai ba ta yi komai ba yanzu."

Na ce, "Na sani, Yaya."