Takalmi a Ƙarƙashin Keke

Tela ta zame takalmanta, ta tura su ƙarƙashin keken ɗinki, ta ɗora ƙafa a kan feda. Shekara tara ke nan ciwon suga yana zaune da ita, kuma ta gaji da shi irin gajiyar da ba a faɗa wa likita. Ƙwaya da safe, ƙwaya da yamma, shayi salam kai ka ce ruwan ɗauraye kofi. Duk ta bi. Doka ɗaya ce ta gagare ta: kada ta taka ƙasa ba takalmi, kuma kullum ta duba tafin ƙafarta.

To, likita bai taɓa ɗinki ba. Ƙafar da ta riga ta daina ji, kamar an naɗe ta da auduga, in an ƙara mata takalmi ina za ta ji feda? Ɗinki sai ya karkace. Dubawar kuwa kullum sai ta ce anjima.

Da rana ƙanwarta ta shigo da kayan da ta goge, ta ja ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, jan fenti kika zubar?"

"Wane fenti kuma? Ni da zare nake aiki."

"To, wannan fa?"

Ɗigo-ɗigo ne a kan siminti, daga teburin yanka zuwa keke, daga keke zuwa gaban madubi. Ƙanwar ta zube kayan, ta durƙusa ta kamo ƙafar hagu. Fil ne ya nutse a tsakiyar tafin har kansa, kewayen ya yi duhu.

"Innalillahi! Yaya, ba ki ji ba?"

"Da na ji, ado ne zan bar shi?"

Tela ta yi 'yar dariya, amma da ƙanwar ta zaro shi, sai dariyar ta tsaya. Fil ne mai koren kai. Riga ɗaya tak Tela ta kafe da irinsa, kuma an karɓe ta tun jiya da safe. Ke nan a ƙafarta ya kwana.

Ta tuna wani dattijo mai barkwanci da suke haɗuwa a layin asibiti. Watan jiya ya zo da sanduna biyu, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Har ta ce a ranta wanda ya yi masa naɗin bai iya ba.

"Tashi mu tafi asibiti," in ji ƙanwar.

"Riguna huɗu ake jira yau."

"Su jira. Na gobe da wace ƙafar za ki ɗinka?"

Tela ta daɗe tana kallon rigar da ke bakin allura, saura kalmasa kawai. Tsoro take ji, ga gajiya kamar ta kwanta nan a kan ƙyallaye. Ta sunkuya ta jawo takalman daga ƙarƙashin keke, ta kakkaɓe musu zare. Ta zura na dama.

Na hagu ya ƙi shiga.