Ranar da Bebiya Ta Kai Malam Jajaye

"Matso da wayar kusa da kunnena, Sulle. Hannunka sai rawa yake, kamar kai ne marar lafiyar."

Na matsar. Malam Hammawa na zaune a kan kujerar roba a ƙofar gidansa, ya cusa kai cikin gaban motar. A wayar wani saurayi ne ke magana daga Abuja, inda ake gyaran irin waɗannan motoci masu aiki da lantarki.

"Baba, don Allah kada ka taɓa komai. A ɗoro ta a kan tirela a kawo mana. Sai dai akwai layi, nan da mako uku za mu duba ta."

Malam ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Yaro, ni likitan Kano bai ba ni mako uku ba. Ka dai gaya mini, wannan siririyar mai ruwan toka ina ta dosa?"

"Baba, ba a ba mu izinin..."

"Kashe, Sulle."

Na kashe.

Ni ɗan bumburutu ne. Shekara ashirin teburina na fetur yana kallon ƙofar gidan Malam a nan Ƙaraye, jarkoki a jere, mazurari a rataye. Shi kuwa malamin kimiyya ne a sakandare har ya yi ritaya. Da aka ba shi haƙƙinsa na barin aiki, maimakon ya sayi shanu kamar kowane Bafulatani mai hankali, sai ya je ya kwaso tsohuwar mota da wani ya gaji da ita, wadda ba ta shan fetur. Ya shimfiɗa farantan sola a kan rufin ɗaki, ya jawo waya, ya ce rana ce gidan mansa.

Ni na ɗauki abin cin fuska, ba zan ɓoye ba. A ce maƙwabcinka ya sayi mota, amma ko kwalba ɗaya ba za ta sha a wurinka ba? Ni na laƙaba mata suna Bebiya, don ba ta tari, ba ta gurnani, sai dai ka waiga ka gan ta a bayanka. A majalisa na sha cewa ranar da ta lalace, kaji ne za su gaje ta, tunda daga nan har Rogo babu bakaniken da ya san inda zai sa sifana a jikinta. Malam yakan ji, ya wuce ni a hankali yana ɗaga mini hannu.

Ba motar ce ta gaza ba, gyaɗa ce ta ja mata. Da kaka ciwon hanta ya kwantar da Malam a asibiti a Kano har sati biyar. Aka kawo gyaɗar gonarsa, ɗakin ajiya ya cika, ga hadarin ƙarshen damina yana haɗowa. Matarsa, Goggo Hajo, ta dubi motar ta ga ɗaki mai ƙofa huɗu yana zaune a banza, ta sa aka zuba buhu shida a ciki aka rufe. Ɓeraye suka bi ƙanshi. Da suka ƙoshi da gyaɗa suka koma kan wayoyi.

Ranar da aka sallamo shi, aka ce ya je gida ya huta, kowa ya gane nufin likita. Ko ɗaki bai shiga ba ya danna maɓallin motar. Jajayen fitilu suka cika allon, ta ƙi motsi. Goggo Hajo na tsaye a bakin zaure ta rufe baki da gefen mayafi.

"Ɓera ma ya san abu mai kyau," in ji Malam. Iyakar abin da ya ce mata ke nan.

A yammacin ya kira ni ya gaya mini wasiyyarsa. A rugarsu ta Jajaye, can wajen Rogo, za a rufe shi, kusa da mahaifinsa, kuma Bebiya ce za ta kai shi. Babban ɗansa Kabir, wanda ke aiki a Kano, ya riga ya samo mai sayen batirin motar.

"Baffa, ka bar wahalar da kanka. Ƙarfe ne fa," in ji Kabir ga mahaifin nasa.

"In na mutu ka sayar. Yanzu dai tashi ka ba ni haske."

Goggo Hajo ba ta sa baki ba. Kabir ɗan fari ne, kuma irin nasu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Tun da nake ban taɓa jin ta kira shi da komai ba sai "wancan" ko "yaron nan". In tana so ya ci abinci, sai ta gaya wa bango cewa tuwo na hucewa.

Kwana tara muka yi a kan wayoyin nan. Na rufe teburina, masu babura suna ta tsiya wai mai fetur ya koma bawan Bebiya. Malam na bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya, yana feƙe bakin da ɓera ya ci, yana narka dalma yana haɗawa, yana naɗe baƙin salatif. A rana ta shida yatsunsa suka daina riƙe abu. Sai na zama hannunsa, shi ya zama idona.

"Masu kaurin nan ruwan goro, ko da wasa kada ka kusance su, in ba so kake ka riga ni ba. Kama 'yar shuɗiyar. A'a, ɗan bumburutu, shuɗi na ce!"

Na yi fushi da shi sau da yawa, na kuma yi kuka sau ɗaya a bayan motar inda ba zai gan ni ba.

Rana ta tara bayan azahar ya ce in danna. Jajayen fitilun suka mutu, wata koriya ta kama. Aka ɗauke shi aka zaunar a gaba, ni a sitiyari. Muka zaga unguwa, yana koya mini: kada in taka da ƙarfi, in an zo gangara in sake ta, da kanta take mayar da wuta cikin batir. Da muka zo majalisa ya ce in tsaya. Ya sauke gilashi ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da hira. Ina kajin da za su gaje ta?"

Ni da na ƙirƙiro maganar ina riƙe da sitiyari, kunya kamar ƙasa ta tsage.

Muka jona ta a sola. Rana ɗaya da rabi kawai ta sha. Ranar Alhamis da hantsi Malam ya cika, kansa a kan cinyar Goggo Hajo.

Kafin a gama wanka da sutura, Kabir ya kira a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida. Na duba allon Bebiya, abin da ya nuna bai kai nisan tafiyar ba, da saura kamar kilomita uku. Na gaya masa gaskiya.

"To ka gani, Baba Sulle. Ba a ajiye gawa ana jiran caji. In ta tsaya mana a daji fa, me za mu ce wa mutane?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Ni ma, wallahi, na fara sarewa. Har an kama gefen tabarmar da aka naɗe Malam za a nufi a-kori-kura, sai murya ta fito daga bayan ƙofar zaure.

"Kabiru."

Kabir ya daskare a tsaye, shekara talatin da takwas bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"Kabiru, da kai nake. Ni na zuba gyaɗar nan. Shi ya gyara da hannunsa, yana mutuwa yana gyarawa. Ba za ka ɗora shi inda ake ɗora awaki ba. In ta tsaya a daji, ku ba maza ba ne? Ba ku da kafaɗa?"

Hannunta ya fito ta gefen ƙofa da makullin. Kabir ne ya karɓa, ya miƙo mini.

Muka kwantar da kujerun baya muka shimfiɗa Malam. Kabir ya zauna a gefensa ya dafa shi. Na kashe duk abin da ke cin wuta, na sauke gilasai, muka kama hanyar Rogo a hankali, a-kori-kura na bin mu da jama'a. Ban taɓa raka gawa cikin shiru irin wannan ba. Ana jin ƙarar tayoyi a kan tsakuwa, ana jin masu yankan dawa a bakin hanya suna cewa Allah ya jiƙan Musulmi. Duk gangarar da muka samu na sake ta kamar yadda ya koya mini, ina kallon lambar tana raguwa, ina yi mata magana a zuci kamar mai lallashin jaki.

Lambar ta kai sifili muna shiga ƙasar Jajaye. Ba ta tsaya ba. Ta ci gaba da jan jiki, ta wuce rijiya, ta wuce gonar rogo, ta haura wani ɗan tudu da ban yi zaton za ta hau ba. A gindin wata ɗorawa ta yi laushi ta tsaya. Daga nan ana hango maƙabarta, ga mutanen rugarsu sun taso da makara.

Yayan Malam, wani tsoho mai sanda, ya leƙa ciki ya dubi ƙanensa, sannan ya dubi motar.

"Ta kawo shi. Daga nan dama a kafaɗa ake ƙarasawa."

Bayan an rufe shi, muna dawowa, wayar Kabir ta yi ƙara. Mai sayen batir ne. Ya dubi sunan, ya mayar da wayar aljihu.

"Baba Sulle, gobe ka taya ni kwanto farantan solar nan daga gida. A nan za ta sha rana, da ƙafarta za ta koma gida."

Na je in ɗaga gilasai in kulle ta. Wasu 'yan maruƙa biyu sun kwanta a inuwarta suna tuƙa. A kan kujerar gaba ga ragowar baƙin salatif ɗin Malam, da ɓawon gyaɗa guda ɗaya a gefensa.