Bahon da Ba a Huda Ba

Tokiko ta ɗora bakin abin huda a gindin bahon, ta gyara tsayuwa, sannan ta sake ɗagawa. Tun safe take wannan abu. Bahon yana kife a tsakiyar shago, zagayayye mai zurfi, ɗaure da zoben jan ƙarfe, ƙanshin katakon sawara ya cika ɗakin. Komai ya kammala, har marfi. Kafar da ruwa zai bi ya fita kawai ta rage, aikin da ba ya kai shan kofin shayi. Amma hannunta ya ƙi.

A waje dusar ƙanƙara ta lulluɓe katakan da ke shanye a ƙarƙashin rumfa. Yau ce rana mafi gajarta a shekara, ranar da gidajen kwarin Kiso ke jefa lemun yuzu a ruwan wanka don a fita sanyi ba mura. Yau ɗin ce kuma Baba Genzo ya ce a kai masa kayansa.

A lokacin kaka ya zo shagon, sa'ad da ganye ya yi ja. Tsoho ne da ya haura tamanin, abokin mahaifinta tun ƙuruciya, daga ƙauyen da ke can saman dutse. Da katakonsa ya zo, wanda ya sare a wani lokacin sanyi shekaru aru-aru ya ajiye a rumbu. Bai ko kalli zanen sababbin bahunan da take yi wa otal-otal ba, masu kusurwa huɗu da wurin jingina wuya. Takalmi ya cire, ya zauna a ƙasa, ya naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji.

"Auna ni, 'yar Masakichi. Oke nake so, irin wanda ubanki ya yi wa mahaifiyata. Da marfi. Kuma ya zama mutum biyu za su iya ɗauka."

Ta auna shi tana murmushi. Sai bayan motarsa ta sha kwana gabanta ya faɗi. A kwarin nan baho oke ne. Akwatin gawa irin na da, zagayayyen nan da ake zaunar da mamaci a ciki gwiwa a ƙirji, shi ma oke ne, kuma hannu ɗaya ke yin su. Mahaifinta ya yi wa mahaifiyar Genzo duka biyun: baho lokacin da ƙafafunta suka fara ciwo, sannan ɗayan, da ta rasu. Ita ce ta ƙarshe da aka binne a zaune a ƙauyen. Siffarsu ɗaya, marfi kowanne yana da shi. Bambancin kawai, ɗaya ana huda shi.

Ba a kallon dattijo a ce masa, "Na gawarka ne?" Don haka ta yi dabara, ta kira shi a waya ta ce, "Baba, wane gefe zan huda?" Ya ce, "Bari tukuna," ya kashe. Tun daga nan bai sake maganar hudar ba.

In ta huda, alhali tsohon makwancinsa yake shiryawa da katakon da ya ɓoye tsawon rai, ta ɓata masa. In ta kai ba huda, alhali wanka yake so, ta kai wa rayayyen mutum akwatin gawarsa har gida.

Ta jefa abin hudan a jaka, ta mirgina bahon kan katako har bayan ƙaramar motarta, ta rufe shi da bargo.

A gidan kula da tsofaffi ta fara tsayawa. Ta tarar da mahaifinta a keken guragu kusa da taga, yana shafa hannun keken da babban yatsa kamar mai neman inda katako bai yi santsi ba. Hankalinsa zuwa yake yana komawa, yau kuma ya gane ta.

"Toki, kina warin aiki."

"Baba, ka tuna oke ɗin da ka yi wa mahaifiyar Baba Genzo?"

"Tsohuwa Oine? Kai! Wannan aiki ya yi kyau. Ta shiga ta zauna daram. Ba ta sake son fitowa ba."

Tokiko ta matso kusa da shi. "Wanne kake nufi a ciki?"

"Sai da mutum biyu suka ɗaga ta."

"Suka saka ta, ko suka fito da ita?"

Ya dube ta da tausayi, irin kallon da yake mata tana yarinya in ta riƙe kurfin sassaƙa a juye. "Ke dai kin cika tambaya. Genzo ya tsaya yana ta kallon aikin yana kuka. Ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba."

"Ka huda shi?"

"Wace irin magana ce wannan? Na huda ɗaya mana."

"To, wanda ya yi wa kukan, shi ne mai hudar?"

Tsohon ya juya wajen taga. Can ya ce, "An kawo yuzu? Bara ba su sa mana ba, marowata." Daga nan ya fara kiranta da sunan mahaifiyarta. Ta gyara masa bargo a gwiwa, ta fito kanta ya fi ɗaurewa fiye da yadda ta shiga.

A babban kantin da ke bakin tasha Sachie take aiki, matar ɗan Baba Genzo. Tokiko ta same ta tana jera yuzu a kwando.

"Yaya Tokiko! Kin ɓuya. Mene ne a bayan motarki kamar ganga?"

"Aikin surukinki ne. Bai faɗa miki ba?"

"Baba? Baho ya sa ki yi? Ikon Allah. Bara fa muka sa sabo, mai ɗumama ruwa da kansa, har magana yake yi in ya cika. Baba ya ce shi ba ya wanka a cikin abin da ya fi shi surutu."

Hankalin Tokiko ya ɗan kwanta. "Ka ji. Ashe na katako yake marmari."

"Wa ya san masa? Kwanan nan ba a gane kansa. Ya raba sandunan kamun kifinsa kakaf. Ya share ɗakinsa kamar za a yi baƙi. Sau biyu ya je asibitin birni shi kaɗai, in ka tambaya ya ce haƙori ne, shi da ba ko ɗaya a bakinsa."

Hankalinta ya sake tashi. "Sai me kuma?"

"Jiya ya je haikali ya daɗe wurin malami."

"Sun saba buga dara tare ai."

"Haka ne. Amma da ya dawo sai ga shi da sabuwar riga a leda."

"Wace kala?"

"Fara."

"Fara ƙal, irin ta mamaci? Ko mai ɗan zanen shuɗi, irin ta fitowa wanka?"

Sachie ta tsaya da lemo a hannu. "Ta saman leda na hango. Me ya sa kike…" Ta kalli motar ta cikin gilashi, ta kalli Tokiko, fuskarta ta canza. "Yaya, mene ne kika yi masa?"

"Wallahi ban sani ba."

"Ke kika yi abu da hannunki, ki ce ba ki sani ba?"

"Shi ya sa na zo wurinki."

"Amma da safen nan ya ce in taho masa da yuzu, manya." Sachie ta dafe goshi. "Ko na ajiyewa gaban hoton marigayiya Mama ne? Kai, ni kam na ruɗe. Tsaya in ɗauki izini, tare za mu."

Hanyar dutsen ta yi santsi, suka hau a hankali, ledar yuzu a cinyar Sachie. A kowace kwana sai bahon ya ɗan bugi jikin mota, su duka biyu su waiga.

Baba Genzo yana tsaye a baranda, ya yi aski, ya ɗaura ɗan ƙyalle a wuya. Matan biyu suka kama bahon, ɗaya nan ɗaya can, ya ɗagu ba wahala.

"Mutum biyu," in ji shi, yana gyaɗa kai.

"Ina za mu kai, Baba?" Tokiko ta tambaya, tana sauraro da duk jikinta. A hannun dama akwai tsohon ɗakin wanka a can baya. A hagu kuma ɗakin da hotunan magabata suke, inda ake ajiye mamaci.

"Ku ajiye nan tsakiya. Sachie, ɗora mana shayi."

Da Sachie ta shige, tsohon ya zagaya bahon yana shafa shi. Ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya saurara. Ya sa hanci ya shaƙa. Sannan ya dafa kafaɗar Tokiko, ya ɗaga ƙafa da ƙyar, ya shiga da kayan jikinsa, ya zauna. Bakin bahon ya tsaya masa daidai haɓa. Ta ga kafaɗarsa tana motsi, hannunsa yana lalube a ƙasa, ya zagaya gindin duka.

"Ba ki huda ba."

"Ban huda ba, Baba. Ka ce in bari tukuna."

"Na ce." Ya jingina kai da katakon, ya lumshe ido. "Ya yi daidai. Ubanki ma bai fi haka ba, kada dai ki gaya masa."

Ta durƙusa a gefen bahon, har fuskarsu ta zo daidai. "Baba, wata biyu ina aikin nan ban san me nake yi ba. Na tambayi Babana, na tambayi Sachie. Don Allah, wanne ne?"

Ya buɗe ido. Ta yi zaton faɗa zai yi, sai ta ga kunya ce a fuskarsa.

"Likita ya ga wani abu a cikina," ya ce a hankali, don kada a ji a kicin. "Bayan sabuwar shekara za su yanka. Ya ce wataƙila a dace, wataƙila kuma. Da na fito daga wurinsa sai na tuna katakon nan. Ranar da na zo shagonki, 'yar Masakichi, ni kaina ban san wanne nake nema ba. Na san yanzu ba a binne kowa a zaune, ɗana cewa zai yi na zautu. Amma na ce bari a yi, in na gan shi da idona zan sani." Ya yi 'yar dariya. "Ga ni a ciki. Har yanzu ban sani ba."

Tokiko ta daɗe a durƙushe. Daga kicin ana jin butar shayi ta fara kuka. Wata biyu tana neman amsa a bakin mutane, ashe babu wanda ke riƙe da ita.

Ta miƙe. "Fito, Baba."

"Yanzu na zauna."

"Fito, aiki bai ƙare ba."

Ta tallafe shi ya fito yana mita. Ta kifa bahon a kan bargo, ta ciro abin huda daga jaka, ta ɗora bakinsa ɗan nesa da gefe, inda ta yi ta ɗorawa tun safe. Wannan karon ba ta ɗaga ba. Garin katako ya taso fari, ƙanshin sawara ya gauraye barandar. Ta hure kafar, ta goge bakinta da yatsa. Sannan ta ɗauko guntun katako da wuƙa, ta fere matoshi, ta gwada, ta sake ferewa, har ya shiga cif.

Tsohon yana kallon hannunta.

"Ga matoshi," ta ce. "In yana ciki, ko ɗigo ba ya fita. Amma ka san halin sawara. Da ya sha ruwa yau, kullum sai ya sha. In ka bar shi ya bushe, katako ya tsuke, zoben ya zame, ya wargaje. Sai ka tashi ba baho, ba ɗayan."

"Kullum?"

"Kullum. Kwanakin da kake asibiti Sachie za ta riƙa zubawa. Ranar da ka dawo ka karɓi aikinka."

"Ja'ira," in ji shi. "Haka ubanki yake. Ka je sayen abu wurinsa, ka dawo da aikin yi." Ya karɓi matoshin, ya jujjuya shi a tafin hannu. Sannan ya ɗaga murya. "Sachie! Bar shayin nan, hura wutar ɗakin baya. Ina yuzu ɗina? Ki taho da ledar da ke kan gadona."

Suka kai bahon tsohon ɗakin wanka. Ruwan zafi ya fara zuba, katakon ya yi duhu yana sha, lemukan suka taso suna karo da juna. Sachie ta zo da ledar, ta kalli Tokiko, sannan ta zaro rigar a hankali. Fara ce, da ƙananan kifaye shuɗɗa a jikinta. Ta sauke ajiyar zuciya har da 'yar dariya.

"Akwai wata rigar a ƙasan ledar, fara ƙal," in ji Baba Genzo, yana gwada zafin ruwan da gwiwar hannu. Bai waigo ba. "Waccan ki kai ta durowa, can ciki. Ku fita mana, ko kallona za ku yi?"