Zanen Biro a Hannun Baba

Ita ce ta matsa wa Baba ya fara zuwa gidan motsa jiki. Likita ya ce sugansa ya hau, kuma zaman tuƙin bas daga safe har yamma ba zai bari ya sauka ba, sai babbar 'yarsa ta sa shi gaba da magiya har ya gaji ya yarda. Da farko yana tafe yana gunaguni. Daga baya ya zama shi ke riga koci isa bakin ƙofa, samarin wurin har suka laƙaba masa Tsohon Ƙarfe.

Wata safiya ta biyo ta gidan kafin ta wuce makarantar da take koyarwa, ta same shi a falo yana kurɓar shayi da hagu. Hannun daman yana cikin aljihu.

"Baba, yau ba aiki?"

"Motar tana gareji, Uwata." Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

Umma ta leƙo daga kicin. "Mota lafiyarta ƙalau. Ki ce ya nuna miki hannunsa, ni ya hana ni gani."

Da ƙyar ya zaro shi. Ya naɗe tafin da baƙin salatif irin na masu gyaran wuta. Tana warwarewa yana cije leɓe. A gindin yatsun tsakiya, inda riƙon ƙarfe ya yi masa kanta, fatar ta ɗaye. Wani abokin ɗaga ƙarfe ne ya ba shi shawara ya mayar da ita ya manne da gam. Yanzu wurin ya kumbura, ya yi ja, yana tsatstsafo da mugunya, zafinsa kuwa kamar ta taɓa murfin tukunya.

Ta tsura wa ciwon ido. Yayan Baba ma da haka ya fara, ƙusa ce kawai ta soke shi a ƙafa, yana cewa ba komai, ƙarshe sai da aka yanke ƙafar. Ta dubi Umma, Umma ta kau da kai. Babu wanda ya ambaci sunansa.

"Tashi mu tafi asibiti, Baba."

"A kan ɗan wannan? Ƙarfe ne ya gaishe ni."

"To mu je likita ya amsa gaisuwar."

A asibiti layi ya yi tsawo. Ta zauna kusa da shi a benci, tana leƙen hannun kamar zai sake kama kafin a kira su. Da suka shiga, nas ta jiƙa gam ɗin ta ɓamɓare shi a hankali, ta datse mataccen fatar da almakashi, ta wanke ciwon da ruwan gishiri. Gumi ya jiƙa wa Baba wuyan riga.

"Gam ya rufe datti a ciki ne," in ji nas. "Da ranar da ta ɗaye ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka shafa magani ka rufe da bandeji, ka zo muka duba, da ba mu kai nan ba. Mai suga ba ya da ƙaramin ciwo."

Likita ya auna sugan, ya tarar ya hau. Ya rubuta magani, sannan ya ɗauki biro ya zagaye iyakar jan a fatar hannun.

"In jan ya tsallake wannan zanen, ko zazzaɓi ya zo, kada ku jira komai, ku dawo. Tuƙi kuma a ajiye tukuna."

A hanyar komawa Baba ya yi magana yana kallon titi.

"Na san in kun gani za ku hana ni zuwa motsa jiki. A can ne kawai ba a tambayata ko na sha magani."

Abin da ke cinta shi ne, da ba ta tura shi ba, da hannunsa na nan lafiya a kan sitiyari.

Ranar ta yi darasi ne kawai jiki na aji, hankali na gida. Da an kaɗa ƙararrawa sai ta kira Umma ta ce a turo mata hoton hannun. Hotunan Umma kuwa rabi babban yatsanta ne, rabi labule.

Washegari jan ya taɓa zanen ta wajen wuyan hannu. Suka taru a kansa a bakin taga, inda haske ya fi.

"Ya wuce," in ji 'yar.

"Bai wuce ba, biron ne ya goge," in ji Baba.

Umma ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. "Ni dai ban yarda da idona ba. Ɗauko mayafina."

Suka koma. Likita ya danna gefen ciwon, ya sa Baba ya dunƙule hannu ya buɗe, ya ce bai tsallake ba, amma gara da suka zo. Ya sabunta zanen, nas ta canja bandeji. Sai a kwana na gaba kumburin ya fara saɓewa, fatar ta yi tamoji, jan ya ja baya ya bar biro shi kaɗai. 'Yar ta shiga banɗaki ta kunna famfo, ta yi kukan da ta riƙe.

Da ciwon ya kama hanyar warkewa, koci ya zo dubiya, ƙato guda yana ta sunkuyar da kai gaban Umma. Ya ce laifinsa ne da bai duba hannun ba. Ya karɓi sandar tsintsiya ya nuna wa Baba riƙo: ƙarfe ya zauna a gindin yatsu, ba tsakiyar tafi ba, don kada ya tattaro fata ya murje ta. In kanta ta yi tudu, a goge ta a hankali bayan wanka da dutsen goge kaushi, a shafa mai, ban da reza. Ya ajiye masa safar hannu sabuwa.

"In ka ji wuri na zafi, Baba, ka sauke ƙarfen. Ba gudu zai yi ba."

Baba ya dubi 'yarsa, yana jiran hukunci.

"Sai likita ya ce ya warke," ta ce. "Kuma duk ranar da ka je, Umma za ta duba hannun."

"Da wannan tabaran nata?"

Umma ta ce ai tabaran ne ya gano yana ɓoye wani abu a aljihu. Koci ya yi dariya, ya miƙe zai tafi, Baba ya raka shi har bakin titi yana tambayarsa wa ke amfani da bencinsa tun da ba ya nan.